Yaya Rakiya da Sallamar da Ba a Amsa Ba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rakiya. Ina karatu a Tamale yanzu, kuma duk lokacin da na ga ɗalibi yana tafe da ɗan abin sauraro maƙale a kunne, ita nake tunawa.

Ita ce ta fara kawo 'yar na'urar kiɗan nan da muke kira em-pi-tiri kasuwar Salaga. Ba ta kai girman akwatin ashana ba, amma tana ɗaukar waƙoƙin da kaset hamsin ba zai ɗauka ba. Kafin a jima kowane mai tebur ya sa tasa. Wani ya ce batirin tasa ya fi daɗewa, wani ya ce tasa tana da rediyo, samarin Yendi kuma suka riƙa zuwa da kwamfuta suna cika wa mai saye waƙoƙi kyauta. Farashi ya yi ta faɗuwa.

Abin da ya kusa rufe shagon Yaya bai fito daga abokan gasa ba. Wata rana wani dattijo abokin Baba ya yi wa wani saurayi sallama a bakin masallaci. Yaron ya wuce bai amsa ba, igiyar iyafis ɗin da ke kunnensa na lilo a ƙirjinsa. A zongonmu, ƙin amsa sallamar babba zagi ne. Dattijon ya zo gidanmu yana huci.

"Alhaji, 'yarka kurumta take sayarwa!"

Da ma Baba bai so sana'ar ba. Doya da hatsi ya sani, kuma yana ganin kiɗa ba hajar gidan mutunci ba ce. Ya kira ta zaure ya ce, "Rakiya, in aka sake kawo mini ƙara, ki kawo mini makullin shagon."

Ta durƙusa ta ce, "To, Baba."

Mako bai zagayo ba ta hau mota zuwa Bawku, wajen masu shigo da kaya ta iyakar Kulungugu. Ta dawo da irin na'urar da kowa ya raina: mai kauri, mai sifika a jiki, wadda ba ta shiga aljihu. Maƙwabtanta suka yi ta dariya. Ɗaya ya ce, "Hajiya, rediyon kakanmu kika tono?"

Ta ce, "Kai sayar wa kunne ɗaya. Ni gida guda nake sayar wa."

Ta fi su sanin mutanenmu. Ba ma sauraro mu kaɗai. Masu sarin doya suka saya don doguwar hanyar Yendi, duk motar na ji. Matan da ke daka suka rataye ta a reshen mangwaro. Tana tambayar mai saye yarensa kafin ta zuba masa: Gonja, Dagbani, Kusaal ko Hausa, karatu ko kiɗa. Ba a sake kai ƙara gidanmu ba.

Yau wayar hannu ta cinye wannan kasuwa gaba ɗaya. Abin kunnen ma ba shi da igiya, ba ka gane wanda ya toshe kunnensa sai ka gaishe shi ka ji shiru. Ina jin da Yaya tana nan ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta tsaya ta kalli yadda mutane suke zama, sannan ta hau mota.

Na'urorinta sun mutu, shagon ma mai gyaran waya ne a ciki. Amma Baba yana da al'ada ranar Sallah: yakan tara jikoki ya ambaci fataken gidanmu, tun daga kakansa da ya bi ayarin goro. Duk maza ne. Sallar da ta wuce ya kai ƙarshe, har yara suka fara miƙewa. Sai ya ɗaga hannu.

"Ku zauna, ban gama ba. Sai Rakiya."