Shak a Kan Wutar Banda

Har yau ban manta da ranar da Baba Modu ya yi wa kifin Dakta Yagana banda ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin gwaji na sashen kiwon kifi. Aikina jera wa malamai kayan darasi, shi kuwa Baba Modu masinjanmu ne, tsohon masunci daga bakin tafkin Chadi.

Dakta ta dawo daga kwas a bakin teku da wani kifi cikin ƙanƙara. Shak ne, dangin manyan kifayen nan na teku masu kai wa mutane hari, amma tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, baƙi wuluk, da manyan idanu kore shar. Ta ce yana zama can ƙasan teku inda rana ba ta taɓa leƙawa ba, kuma cikinsa na da ɗige-ɗige masu ba da haske. Su take so ta nuna wa ɗalibai ranar Litinin, yaran da yawancinsu ko teku ba su taɓa gani ba.

Ranar Asabar aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, ga zafin Afrilu. Baba Modu ya buɗe firiza ya ga kifi ya fara laushi, sai ya yi abin da duk ɗan tafki zai yi: ya hura wuta a bayan ofis, ya ɗora shi. Ina gida a unguwar Mairi ya kira ni.

"Malam Bukar, zo ka ga ikon Allah."

Na tarar fatar ta ƙone ƙurmus, raina ya ɓaci. Ashe hantar irin wannan kifi ta kusa cika cikinsa, kuma mai ce zalla, ita ke hana shi nitsewa. Man ne ya ɗiga, wuta ta tashi. Da Baba ya fizgo shi ya tsaga cikin, sai ga 'ya'ya a jere, kowane da idonsa da jelarsa.

"Tun ina yaro nake fiɗar kifi," in ji shi, "ban taɓa ganin mai haihuwa kamar akuya ba."

 Muka zuba su a kwalbar sifirit don kada su ruɓe.

Ranar Litinin Dakta ta ga uwar, ta dafe kai.

"Haba Baba! Wa ya aike ka?"

Na miƙa mata kwalbar. Ita ma ba ta san kifin na da ciki ba. Ta ɗora ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta leƙa, sannan ta ce, "Baba, zo ka duba." Ɗige-ɗigen suna nan a fatar cikin ɗan, tun bai zo duniya ba an tanadar masa fitilarsa. Baba Modu ya cire hula, sai tasbihi yake.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba a yi wa kowane kifi hukuncin tarwaɗa. Da 'ya'yan aka yi darasi, kuma Baba Modu ne ya zaga da kwalbar, bai yarda kowa ya riƙe masa ba.