Tsarabar Mati daga Tarabulus

A gidanmu na Damagaram, in an sauke tuwo lokacin ɗari, Kaka ba ta yarda a kashe wuta. Sai ta ja tabarma kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta buɗe labari kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Kowa ya sa takalmi, yau nisa za mu yi." Sai ta dubi ƙafata ta ce, "Kai kuma maigidana, haka za ka raka ni, kamar zabo?" Mu yi ta dariya.

Mahaifinta ya yi fatauci har Tarabulus, a bakin Bahar Rum, shi ya sa labaran can suka cika bakinta, ko da yake ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba. Wanda muka fi roƙo shi ne na Mati.

Mati saurayi ne da ya bi ayari da fatu. Ranar tashi, uwarsa, wadda ta tsufa tukuf, ta ce ba ta son zane, ba ta son turare. "Zaitun nake so, wanda malamai ke ambato. In ɗanɗana shi kafin in bar duniya."

Da suka ƙetare hamada suka isa, Mati ya fita bayan gari, ya tarar da mata sun shimfiɗa zannuwa suna kaɗo 'ya'yan wasu gajerun itatuwa da sanda. Aka ce masa ai zaitun ke nan. Mutumin da ya tashi da ɗinya da kanya, ina zai tsaya tambaya? Ya tsinci ɗaya ya jefa baki.

Nan Kaka take yamutsa fuska, ta runtse ido ɗaya. "Maɗaci ma ƙanensa ne!"

Wata tsohuwa cikin matan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Baƙo, ba a cin sa daga itace. Sai an fasa da dutse, a jiƙa, a yi ta sauya ruwa, sannan ya kwanta cikin gishiri ya huce." Ga shi kuma ayari ya fara ɗaure kaya. In ya tafi da ɗanye, ɗaci zai kai wa uwarsa. In ya jira, sai wani ayarin, kuma wa ya san ko zai same ta da rai?

Daidai nan Kaka take tsayawa tana tonon gyaɗa.

"Kaka, ya tsaya ko ya tafi?"

"Ku bar ni in hura abata. Ku kuka shuka?"

Ya tsaya. Tun da ba abin yi sai jira, ya shiga yawo. Ya taya masunta jan koma, suka ba shi gasasshen kifi da lemun tsami. Ya koyi tsoma gurasa mai zafi cikin man zaitun. Ya ci busasshen ɓaure har cikinsa ya yi ƙara. Ya je wani kufai a bakin ruwa, inda ginshiƙan dutse ke tsaye ba rufi, awaki na kwance a inuwarsu, aka ce masa Rumawan da ne suka gina. Ya ga teku da safe shuɗi, da yamma kamar an zuba masa manja.

Da ya koma gida da tulunsa na zaitun, sai ga uwarsa zaune a ƙofar ɗaki, da ranta. Ta sa ɗaya a baki, ba haƙori, ta tsotsa.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta. Sannan ta matsa masa wuri a tabarma. "Zauna. Itacen, ya kai tsamiya tsawo?"

Kaka ta ce kullum zaitun ɗaya tsohuwar ke ci, da labari ɗaya, kuma tulun ya riga labarin ƙarewa.

Ina yaro na ɗauka haƙuri kawai ake koya mana. Sai da na zo New York, na yi shekaru a wani shagon kayan abinci a unguwar Stapleton, sannan na je gida da akwatuna cike. Inna ta ture su gefe ta ce, "Sani, yaya garin yake?" Ni kuwa me na gani? Shago na sani, da masallaci, da katifata.

Tun da na dawo, ranar hutuna nakan shiga jirgin ruwan da ke ƙetarawa cikin birni da 'yata Hadiza, mu tsaya waje iska na dukanmu. In mun sauka, ni nake karanta sunayen tituna da kaina, a hankali, yadda ake koya mana a ajin manya. Da yamma in kira Inna in ba ta labari. Makon jiya na gaya mata na ga gadar da ke rataye da igiyoyi, motoci na bi sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai Sani, ka ji tsoron Allah." Sannan ta ce, "Igiyar, wa ya tufka ta?"