Ƙashin Jaki a Wuya

A ajinmu na ƙarshe a firamare, a Sabon Garin Maraɗi, akwai wani ƙashin muƙamuƙin jaki da aka huda aka zura wa igiya. Sunansa sambol. Duk wanda aka ji ya yi Hausa maimakon Faransanci a cikin lakwal, wato makaranta, shi ake rataya wa. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda ƙarfe sha biyun ranar Juma'a ta same shi da ƙashin, bulala goma a tafin hannu, gaban aji.

Mushe, malaminmu, bai taɓa bin kowa don ya saurara ba. Ba ya bukata. Mu muke yi masa. Mai ƙashi yakan ɓoye shi cikin riga, ya raɓa bayan masu cin ƙosai, ya laɓe kusa da randa, yana jira.

Shekarar nan ɗiyar gwaggona ta zo daga Jiratawa ta zauna gidanmu don karatu. Taubashiyata ce. Tabarmarmu ɗaya. A gida bakinta ba ya hutawa.

"Baiwata, ɗauko mini ruwa," in ji ta.

"Wa ye baiwarki? Ke da kike warin albasa."

"Albasarmu kuke ci, 'yan birni, ko gero ba ku iya shukawa."

Faransancinta kaɗan ne. Ranar farko da ta ga ƙashin ta ce mini wallahi ba zai taɓa wuyanta ba. Dabararta ita ce shiru. Daga ƙofar lakwal har a tashi ba ta cewa komai sai in mushe ya tambaye ta. An tsungule ta, an ɓoye mata takalmi, an jefa mata ƙadangare a cinya. Sai ta dafe baki da hannu. Wata biyar ta yi haka. Ita kaɗai ta rage a ajin da ba a taɓa rataya wa ƙashin ba.

Wata Juma'a ƙashin yana wuyana tun ranar Laraba. An riga an buga ƙarfen komawa aji daga hutun ƙarfe goma. Kowa ya san yana wurina, kowa ya kama bakinsa. Na sha bulalar nan sau biyu a baya, na san yadda alƙalami ke gagarar riƙo bayanta.

Na san kuma cewa rabonta da uwarta tun kaka, don aikin rani ya riƙe su a gona.

Na matsa kusa da ita, na ce mata da Faransanci, a hankali yadda za ta gane, uwarta tana bakin ƙofa.

Ta miƙe. "Inna? Tana ina?"

Na ciro ƙashin na rataya mata. Igiyar ta maƙale a ɗankwalinta, na gyara. Ba ta dube ni ba. Ƙofar take kallo, inda babu kowa sai mai sayar da aya.

Ta karɓi goman ba ta yi kuka ba. Na ƙirga tare da aji, don haka ake yi.

A hanyar gida na ce, "Haba baiwata, wasa ne fa."

Ta amsa mini da Faransanci cewa ba komai.

Tun daga ranar ba ta ƙara yi mini Hausa ba. Tana yi da mahaifiyata, da ƙannena, har da awaki. Ni kuwa, ko gishiri take so in miƙa mata, sai ta nemo kalmar Faransanci. In ba ta san kalmar ba, ta tashi ta ɗauko da kanta. Manya suka yi ta dariya, suna cewa lakwal ta shige ta. Ban gaya musu ba. Ita ma haka.

Bara na gan ta a Tibiri, wajen sunan wata 'yar'uwarmu. Yanzu malama ce. Tana zaune cikin mata tana ba da labari, suna ta shewa. Na je na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida da yara.

Ta ce da Faransanci, "Bonjur, madam," ta matsa ta ba ni wuri a tabarma.

Na zauna. Aka kawo fura, muka sha a ƙwarya ɗaya.