Yadda Yayata Ta Ajiye Manaja a Duhu

Yayata mai fenti ce. Allunan shagunan layinmu kusan duk hannunta ne, daga na mai aski har na mai gyaran waya. Shagonta ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin bene, gwangwanaye a jere, burushi jiƙe cikin kananzir, tsummoki ko'ina. Ba ta da surutu, ba ta da saurin fushi. Ni ce mai bakin gidanmu, ita kuwa ajiya take yi. Abin da ka yi mata tun muna yara yana nan, ko tsatsa bai yi ba.

Mijinta direban bas ne, kowa Direba yake ce masa. Yana da abokan makaranta da neman abinci ya warwatsa, amma duk Asabar da yamma sai sun haɗu a abin da suke kira tebur. Ba na katako ba ne, wani shafi ne a intanet. Ana shimfiɗa taswira a fuskar kwamfuta, kowa da ɗan hotonsa zagayayye kamar murfin kwalba, yana jan sa da linzamin kwamfuta, suna jin muryar juna. Mutum ɗaya ne mai jan labari. Shi ke riƙe da makullin tebur, shi ke faɗin abin da ya faru, shi kaɗai ke ganin taswirar duka. Sauran duhu ne ya rufe musu, sai inda ya buɗe. In za ka yi faɗa ko tsallake rami, ka danna ƙwayar lido ta juya, lambar da ta fito ita ce rabonka.

Manya da gemu suna ihu a kan dodon ƙarya! Na sha yi musu dariya. Kowa ya zaɓi jarumi mai takobi, Direba kuwa ya zaɓi wani tsohon kuku mai ɗingishi da ke bin jarumai da tukunya a baya. Kuku bai taɓa kashe ko ƙuda ba, amma da ya buɗe baki sai kowa ya riƙe ciki.

Sai ciwon ƙoda ya kama Direba. Ya ajiye tuƙi, ya koma zaryar asibiti ana masa wankin ƙoda. Ƙafafu suka kumbura, ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa. Teburin nan ya zama nan kaɗai yake fita. Ranar Asabar Yaya za ta jingina shi da filo, ta ɗora masa kwamfuta a cinya, sai ka ji mutumin da ya wuni yana nishi ya koma zolayar mutane.

Suna da doka guda da suka kafa tun farko. A gefen taswira akwai wani ɗan ɗaki da suke kira masauki. Duk wanda bai samu zuwa ba, sai a ajiye hotonsa a can, ba mai taɓa shi sai mai shi ya dawo.

Mai jan labarinsu shi ne Manaja. Yana kula da wani ƙaton shagon sayar da tayil, kuma yadda yake juya ma'aikata haka yake juya abokai. Lokacin da aka kwantar da Direba a asibiti ya yi makonni bai leƙo ba, Manaja ya shirya wata gada mai dodo, wai ba a wucewa sai an ba shi mutum ɗaya. Ba wanda ya yarda ya ba da jaruminsa. Sai ya sa hannu cikin masauki, ya jawo Kuku, ya tura shi bakin dodo, ya goge hoton. Ko ƙwayar bai juya ba. Mai Magani da Malamin Lissafi, abokan nasu biyu, suna kallo, ba wanda ya ce uffan.

Ina ɗakin ranar da aka sallamo Direba. Tun kafin ya sha ruwa ya ce a ba shi kwamfuta. Ya leƙa masauki, wayam. Ya ja taswira sama, ya ja ƙasa, sannan ya kira Manaja a waya.

“Manaja, ina Kuku?”

“Ai labari ba ya jira, abokina. Ƙirƙiri wani kawai, minti nawa ne?”

Direba ya yi 'yar dariya, ya rufe kwamfutar, ya ce wa Yaya ta ɗora ta kan sif. Bai sake neman ta ba. Asabar ta zo ta wuce yana kallon rufi. Watan bai ƙare ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ban ce wasa ne ya kashe shi ba, ƙoda ce. Amma mutumin nan ya ƙwace wa mara lafiya abu ɗaya tak da ya rage masa, kuma wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Na ɗauki jaka zan je shagon tayil in wanke shi tas a gaban yaransa. Yaya ta ce, “Zauna.” Na ce, “Yaya, ki bar ni in je!” Ta ce, “Na ce ki zauna. Nawa ne.”

Bayan wasu watanni ta sauke kwamfutar daga kan sif, ta goge ta da gefen zane. Ta kira Manaja da murya mai sanyi, ta ce kaɗaici ya dame ta, ko za su bar ta ta riƙa zana musu taswira? Nasa zanen kamar kaza ta taka tawada, don haka har da godiya ya yi. Ta riƙa zanawa a kwali bayan ta tashi daga aiki, ta ɗauki hoto da waya, ta ɗora musu. Duwatsu, kasuwanni, tashar jiragen ruwa, har da shanya a bayan gidaje. Ta zauna tana sauraro duk Asabar. Ta koyi dokokin, ta koyi inda ake danna kowane abu. Matar da ko saƙon waya sai na tura mata!

Manaja dama ya gaji da jan labari, so yake a yabe shi. Yana da wani jarumi da ya daɗe yana ginawa a ransa, Garkuwa, mai sulke da farin doki. Wata rana ya ce, “Mai Fenti, ki karɓi jan labarin mana, ni ma in ɗan taka.” Ta yi ta noƙewa har sai da ya roƙe ta. Zai iya ba ta aro ya riƙe nasa makullin, amma ina! So yake kowa ya shaida Garkuwa na cin yaƙi ba tare da ya leƙa bayan duhu ba. Ya miƙa mata teburin ɗungurungum, ya mai da kansa ɗan wasa kamar kowa.

Na ce to, yau za a yi ta. Ashe da saura. Sai ga Yaya tana ba Garkuwa nasara kan nasara. Ta zana masa gari, ta zana masa fada, ta sa mutanen labari suna masa kirari. Manaja ya sa aka buga hoton Garkuwa ya rataya a ofis. 'Ya'yansa ma suka fara zama kusa da shi ranar Asabar suna kallon babansu yana fatattakar maƙiya. Na ce, “Yaya, kiwonsa kike yi ko me?” Ta ci gaba da wanke burushi, ta ce, “Miƙo min tsumman nan.”

Ana haka aka yi wa Manaja aikin ido, ya yi Asabar biyu bai zo ba. Na ruga shagon Yaya ina haki. “Ga shi a hannunki! Jawo Garkuwa daga masauki ki goge ɗan banza!” Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, “A bayan idonsa? Ni ba Manaja ba ce. Sai ya warke, ya ga komai da kyau.”

Ya warke. Ta sanar za a yi babban yaƙi, maƙiya sun kewaye garin Garkuwa. Ranar na rufe shagon ɗinkina da wuri na zo na zauna kusa da ita. Muna jin muryar 'ya'yan Manaja ta cikin lasifika, har da wani abokin aikinsa da ya gayyato. Ƙofar gari ta karye, jaruman Mai Magani da Malamin Lissafi suka faɗi da rauni suna kiran Garkuwa. Manaja ya gyara murya, ya ce, “Na zare takobi, na yi gaba!”

Yaya ta shiga wajen saiti, ta cire sunansa daga kan hoton Garkuwa, ta sa nata. Danni ɗaya, hoton ya koma hannunta.

“Hoton ba ya motsi,” in ji Manaja. “Intanet ɗinku ne ko nawa?”

“Lafiyarsa ƙalau,” in ji Yaya. Ta kama Garkuwa da linzaminta, ta juya shi. Cikin muryar nan tata ta jan labari ta ce, “Garkuwa ya ga yawan maƙiya. Ya jefar da takobi. Ya tuɓe sulke don ya ji daɗin gudu. Abokansa na kiran sunansa, bai waiwayo ba.”

“Ke! Ban ce haka ba! Ba a juya ƙwaya ba ma!”

Ta kashe masa makirfo. Muna ganin 'yar kibiyar linzaminsa tana zagaye hoton tana dannawa, tana dannawa, a banza. A hankali Yaya ta ja Garkuwa, layi bayan layi, ta tsakiyar garin da ta zana masa, mutanen labari suna masa ihu daga tagogi. Ta fitar da shi ta ƙofar baya, ta wuce gonaki, ta kai shi inda fentinta ya ƙare. Ta ajiye shi can cikin baƙin fili inda babu komai. Sannan ta mayar masa da sunansa a kan hoton, ta kunna makirfo.

Mai Magani ya fara cewa, “Haba, Mai Fenti...” Ta ce, “Kai ma yau ka sami baki?” Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, na rantse ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Manaja ya kira ta a waya, muryarsa na rawa. “A gaban 'ya'yana? Wasa ne fa, baiwar Allah, wasa ne kawai!”

“To me kake wa kuka?” in ji ta, ta ajiye wayar.

Ba ta goge Garkuwa ba, ba ta kori mai shi ba. Na ɗauka zai yi zuciya ya bar teburin, amma a can duk abokansa suke, ba shi da wasu. Har yanzu duk Asabar sai ya shigo. Sauran suna can suna sake gina gari, shi yana ja da hotonsa hagu da dama cikin baƙi, ba bango, ba hanya, ba kowa. In an jima sai ya yi gyaran murya, ya ce, “Mai Fenti, ni fa me nake gani a nan?”

Ita kuma ta ce, “Ka yi haƙuri, Manaja, ban zana wajen ba tukuna.”