Irin Tumatir a Cikin Zaren Rama

Shekarar da mahaifinmu ya daina fita gona, yayana ya raba mana aikin fadamarmu ta Nahuce. Shi ya ɗauki huɗa da ban ruwa, ni ya ba ni rainon irin tumatir. Ya faɗa mini ƙarara cewa in irin ya lalace, gidanmu ba noman rani a wannan shekara.

Irin tumatir ba ya jiran kowa. In ka zuba shi a ƙasa mai taki, yana fitowa zai miƙe, ya yi tsawo, ya sirance. Ita kuwa fadama sai ta ga dama take janye ruwa. In iri ya riga fadama shiryawa, an yi asara.

Na daɗe ina lura da wani abu a bakin kududdufin da ake jiƙa rama don tufka igiya. Tumatir yakan tsiro da kansa a cikin tarkacen zaren da aka watsar, gajere, mai kaurin kara, kuma yakan daɗe a haka. Sai na ce zan gwada.

Da farko na kwaso tarkacen zaren, na wanke, na shanya, na daddatsa da adda. Sannan na je injin shinkafa a Bungudu na samo ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, na turara shi da wuta har ya yi baƙi, amma ban bari ya zama toka ba. Bayan haka na gauraya su, na ɗura a tsofaffin ledojin ruwan sha da na huda wa gindi, na sa ƙwaya a kowace. Taki ban zuba ba. Kashin awaki nake jiƙawa in tace, in ba su ruwan da kaɗan-kaɗan. Zare ba shi da abinci, ruwa kuma ba ya zama a cikinsa, don haka girman irin yana hannuna.

Damina ta ja a wannan shekara, fadama ta ƙi bushewa. Irin maƙwabta ya yi tsawo har wani ya fara fure. Ni sai na yanke ruwan taki, na fitar da nawa cikin rana, ba na ba shi ruwa sai ganye ya fara langaɓewa.

Yayana ya zo dubawa, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wai kai raino na ba ka ko horo?"

"Yaya, ka taɓa karan ka ji."

"Na taɓa. Wanga abu in iska ta kwashe shi, kai za ka yi wa Baba bayani."

Da ruwa ya janye muka kira gayya. Dangi suka zo, aka kawo kunu da goro. Taubashina na Tsafe ya leƙa kwandon iri ya fashe da dariya.

"Allah mai iko! Irin ma tsawon mai shi ya ɗauko."

"Kai da ka yi tsawon, me ka tsinana ban da cin tuwon mutane?"

Yana dariya ya kama kan tsiro zai tuge, yadda kowa ya saba yi a ƙasa. Na riƙe hannunsa, na tsayar da aikin gaba ɗaya. Na ce ba a tuge wannan. A yaga leda, a ɗaga dunƙulen zaren da saiwar a ciki, a sa a rami, a rufe, a danna, sannan ruwa. Suka yi gunaguni cewa na mai da gayya makaranta. Na bi su daga wannan kunya zuwa waccan har aka gama, wanda ya yi ba daidai ba na sa ya sake.

Rana ta buɗe sosai a kwanakin da suka biyo baya. Dogon irin da aka dasa a gonakin gefenmu ya kwanta, da yawa bai tashi ba. Namu ko langaɓewa bai yi ba, domin saiwarsa ba ta san an taɓa ta ba. Da na koma ba shi ruwan taki, sai ya saki jiki ya fara tohowa.

Yayana ya ɗauki ragowar irin a kwando, ya shiga gona yana neman gurbin da zai cike. Ya bi ta daga farko har bakin rafi, ya dawo da kwandon kusan yadda ya tafi da shi. Ya ajiye a gabana yana share zufa.

"To, Malam mai horo, ya za a yi da wannan?"

Na ce a kai wa maƙwabcinmu na gabas, amma ni zan je in nuna masa yadda ake dasawa.