Kazar Inna da wuƙar maƙwabci

Ina durƙushe gaban tsohuwar kazar da marigayiya Inna ta bar mini, tana wage baki tana jan numfashi da ƙyar, sai ga maƙwabcina na nan unguwar Lugbe, Malam Isa, riƙe da wasasshiyar wuƙa.

"Hajiya, a yanka ta kafin ta zama mushe."

"Malam, wa ya sanar da kai ba ta da lafiya?"

"Ai tun jiya nake jin kakarinta ta katanga."

Yau da safe ciwon ya fara. Jiya kuwa Malam Isa ne ya yi feshin magani a gindin katangar.

Na ɗauke ta zuwa wurin likitan dabbobi. Har yanzu tana raye.

Na yi istigfari saboda zato, amma zaton bai gushe ba. 'Yan'uwa, da ku ne, za ku miƙa wa Malam Isa ita?