Me Na Taka?

Yayana direba ne, kuma duk wanda ya kira shi Ribas a gabana, to ya shirya jin abin da bai taɓa ji ba. Na san sunan ya riga ya bi shi, har yaran unguwa ba su san yana da wani suna ba. Ni dai ban yafe ba.

Tun yana ƙarami mota ce a ransa. Murfin tukunyar Inna ne sitiyarinsa, mu ƙannensa fasinjoji, kuma ko a wasan ba ya yarda a yi lodi ya wuce kima. Ya yi yaron mota, ya yi tasi, daga baya ya samu aikin jan bas ɗin wata makarantar firamare. Aikin ya zauna masa daram. Ya san yaron da ke amai idan ya zauna a baya, ya san yarinyar da kullum sai ta manta gorar ruwanta a ƙarƙashin kujera. Ba ya tayar da mota sai ya ga yaro ya shige ƙofar gidansu. Duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Abin ya faro ne daga wani rami a hanyar makarantar, dab da kwanar masu faci. Rami ne da kowace mota ke faɗawa ta wuce. Wata safiya tayar baya ta faɗa, ya ji kwaram, sai wani tunani ya dira masa: anya ba mutum ba ne? Ya duba madubi, ba kowa. Tunanin ya ce ai madubi ba ya nuna ƙarƙashin mota. Ya sa ribas da yara cike a ciki, ya koma, ya sauka, ya durƙusa ya leƙa. Rami ne. Hankalinsa ya kwanta, amma kafin ya kai ƙofar makaranta tunanin ya sake dawowa: idan kuma an ɗauke mutumin kafin ya iso fa?

Daga nan kowane dutse, kowane tudun titi, kowace leda da iska ta kaɗa, duk sun zama mutum. Idan ya sauke yara sai ya zagaya bas yana shafa tayoyi, yana duba tafin hannunsa ko zai ga jini. Wata rana da kansa ya kai kansa ofishin 'yan sanda, ya ce yana jin ya buge wani. Suka bi shi har wurin, suka tarar da kwali a baje a tsakiyar titi. Mutum ya zo musu a firgice, maimakon su zaunar da shi su ba shi ruwa, sai ɗayansu ya mayar da shi labarin ban dariya a tashar mota. Kafin mako ya zagayo kowa na ce masa Ribas. Har masu tasin da suke tuƙi da waya a kunne suna kashe akuyoyin mutane su wuce, su ma da bakinsu.

A gida kuwa kowa ya zama likita. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce aljanu, wata gwaggonmu ta ce hutu ne ya yi masa yawa. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ko keke bai iya ba, shi ya yanke hukunci.

"Abu mai sauƙi kuke ta wahalar da kanku," in ji shi. "Matarsa ta riƙa binsa. Ta zauna a kujerar baya tana kallon titi. In ya tambaya ta ce ba komai. Shi ke nan."

Matar Yaya, da muke kira Anti, tela ce, kuma masu ɗinki har layi suke yi a ɗakinta. Ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta koma zaman kujerar baya cikin yaran mutane, wuyanta a murɗe tana kallon hanyar da aka wuce. Ya ce, "Me na taka?" Ta ce, "Ba komai." Da farko abin ya yi kamar ya yi aiki, Kawu har yana yawo yana ba da labarin dabararsa. Ba a jima ba tambaya ɗaya ta haifi 'ya'ya. Kin tabbata? Ba ki ƙifta ido ba? Lokacin da yaron nan ya yi miki magana, ba ki juyo ba? Tambayar ta biyo su har gida, tana zama da su a kan tabarmar cin abinci. 'Yarsu ta kai ga da ya yi sallama, kafin ta gaishe shi sai ta ce, "Ba komai, Baba." Masu ɗinki suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. Ba wanda ya zo ya tambayi Anti ya wuyanta.

Iyayen yara suka gaji da latti, kuma ban ga laifinsu ba. Mai makarantar ta karɓi makulli, ta ce ya je ya nemi magani. A gabana ta ce idan an dawo hutu ya tuƙo mota da kansa har ƙofarta, a kan lokaci, ba tare da ya koma baya ba, bas ɗinsa na nan na jiransa.

Ni na kai shi sashen masu taɓin hankali na babban asibiti. Kawu ya ce na zubar da mutuncin gida. Mutuncin da ake ta wasa da shi a tasha, wai ni ce zan zubar. Likitar ta saurari Yaya har ya gama, ba ta yi ko murmushi ba. Ta ce ciwon waswasi ne, sananne ne, ba hauka ba ne, kuma yana da magani. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce zai riƙa zuwa suna gwaji a hankali: ya tuƙa, ya ji kwaram, ya ƙi komawa. Sannan ta juya ga Anti.

"Ke kuma ki daina amsa masa."

Anti ta zaro ido. "In daina? Ai amsar ce kaɗai ke kwantar masa da hankali."

"Tana kwantar da shi na ɗan lokaci, kamar sosa ƙaiƙayi. Sai ya dawo ya fi na da. Kin yi iyakar ƙoƙarinki, amma yanzu shirunki yake buƙata."

Wannan shirun ya fi zaman kujerar baya wuya. Mijina ya ba su aron tsohuwar motarsa suna gwaji a bayan gari. Idan sun dawo sai Yaya ya riƙa bin Anti daga ɗaki zuwa tsakar gida yana roƙo ta amsa masa, babban mutum da furfura a gemu, yana cewa don Allah sau ɗaya tak, daga wannan ba zai ƙara ba. Ita kuma ta shige kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta. Kawu ya zo ya tarar da haka, ya hau ta da faɗa.

"Kalma biyu ta gagare ki? Mijinki yana roƙonki kina masa shiru? Wace irin zuciya ce da ke?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, amma dabararka ce ta kawo mu nan. In kana son a amsa masa, ga kujerar baya can, ka je ka zauna shekara guda."

Har yau ba ya amsa gaisuwata, kuma ban rame ba.

Ranar da aka koma makaranta muka fita da safe, Yaya a gaban sitiyari cikin farar rigarsa ta aiki, Anti a gefensa, ni a baya. Ya yi tuƙinsa mai sanyi har kwanar masu faci. Ramin na nan, ya ma ƙara girma. Wata babbar mota ta matse mu, ba wurin kaucewa, taya ta faɗa. Kwaram.

Na ga kafaɗunsa sun ƙame. Hannunsa ya sauka kan giya ya tsaya.

"Me na taka?"

Anti ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Ni na zura wa bayan kujera ido. Ana ta danna mana hon. Gumi ya keto masa daga ƙeya ya gangara cikin riga. Ya sake tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar ba da mu yake ba. Ba wanda ya tanka. Sai ya ɗauke hannunsa daga giyar ya mayar kan sitiyari, muka ci gaba.

Mun isa kafin a buga ƙararrawa. Bas ɗin na tsaye a harabar makaranta, wani saurayi yana goge gilashinsa. Mai makarantar ta fito, ta yi ta yaba yadda Yaya ya yi kyau, ta yi ta juya zoben hannunta. Daga ƙarshe ta ce iyaye sun ji labarin asibitin da yake zuwa, sun ce ba za su ba shi yaransu ba, ita kuma ba yadda za ta yi. Wato lokacin da yake fama da ciwon an bar masa yara, yanzu da ya nemi magani ne ya zama abin tsoro. Na buɗe baki zan wanke ta tas, Yaya ya riƙe mini hannu. Ya yi mata godiya, ya gaya wa saurayin cewa birkin bas ɗin yana son a taka shi da wuri.

Muka koma mota. Ya daɗe bai tayar ba, rigarsa sharkaf.

"Har yanzu ban sani ba ko mutum ne," ya ce.

Anti ta ce, "Na san ba ka sani ba."

Hanya biyu ce ke kai wa gida daga makarantar, ɗaya ta bi ta kan ramin, inda zai iya leƙawa ko ta madubi. Ya kunna sigina, ya bi ɗayar.